Yadda ake huda yadi mai talewa da leda a jikinsa ba tare da ya yage ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗinki. Maganar yau akan yadin nan ce mai talewa wanda aka manna masa leda ko roba a jiki, irin wanda muke ɗinka wandon famfas mai wankuwa da shi, da audugar mata mai wankuwa, da bel ɗin ɗaure ciki na masu jego, har da abin ɗaure gwiwa na 'yan ƙwallo. Duk wadda ta taɓa aiki da shi ta san ciwon, ki gama ɗinki tsaf ki saka maɓalli, kwastoma ta tafi tana ta sa albarka, bayan sati biyu ta dawo miki da shi ya tsage daga gindin maɓallin kamar an bi shi da reza. Ni kam ya taɓa faruwa dani, wando goma sha biyu na ɗinka wa wata baiwar Allah mai 'yan biyu, bakwai suka dawo, kuma a lokacin mai yadin nake ta zagi a raina ina cewa ya siyar min da ruɓaɓɓe, ashe ni ce na yaga su da hannuna tun ranar da na huda su, sai dai yagar bata fito ba sai da yaro ya fara rarrafe.

Ina cewa "ki" ne saboda mata sun fi yin wannan aikin, amma maza teloli da masu ɗinkin jaka da masu rufin kujerar Keke kuma ku saurara, abin ɗaya ne.

Ki fara sanin me ke hannunki

Yadin wandon famfas mai hana ruwa sunansa PUL, yadin polyester ne saƙaƙƙe irin na riga mai talewa, sai aka manna masa wata siririyar leda ta polyurethane a baya, ɓangaren nan mai sheƙi. Kaurin ledar mil 1 ne ko mil 2, kuma mil 1 ɗin nan kusan milimita 0.025 ne, ya fi yawancin gashin kan mutum siranta. Na bel ɗin ciki kuma yawanci neoprene ne, roba mai kama da soso da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1930, ana sa ta a tsakiya a manna yadi sama da ƙasa, kauri milimita 2 ko 3 aka fi samu. Sai spandex wanda muke cewa laikira, shima DuPont ɗin ne a 1958, shi ne zaren da ke sa yadi ya tale ya dawo.

Abin da ya haɗa su duka shi ne ba abu ɗaya bane, abu biyu ko uku ne aka manne, kuma kowanne da irin taurin kansa. Yadin yana so ya tale da yawa, ledar bata so, ko kuma akasin haka. To muddin ba rami suna tafiya tare lafiya lau, amma ranar da kika huda, kin yanke zaren saƙar a wajen kin kuma fasa ledar, duk nauyin da wannan wajen yake ɗauka sai ya koma kan bakin ramin.

Wani ƙanina da ya karanta injiniya shi ya fahimtar dani wannan. Yace tun 1898 wani Bajamushe mai suna Kirsch ya lissafa cewa idan ka ja faranti mai rami zagayayye, ƙarfin jan da ke bakin ramin ninki uku ne na sauran jikin farantin. Sai a 1913 wani Bature ɗan Ingila, Inglis, ya nuna cewa idan ramin dogo ne kamar ƙwai, to ya danganta da yadda ya kwanta. In tsawonsa ya ninka faɗinsa sau biyu kuma ya gitta hanyar da ake ja, ninki biyar ne, in kuma ya kwanta yana bin hanyar jan, ninki biyu ne kawai. Tsaga irin ta reza kuwa mai tsini a ƙarshe, ba'a ma maganarta, ita ce uwar yaga. Lissafin na ƙarfe ne ba na roba ba, roba tana ɗan sassautawa saboda ramin yana miƙewa in an ja, amma hankalin ɗaya ne. Har jirgin sama wannan abin ya kayar, jiragen Comet na Ingila guda biyu sun tarwatse a sama a 1954, da aka bincika aka samu ƙarfen jikin jirgin ne ya gaji ya fara tsagewa daga wajen kusurwar taga. In ƙarfen jirgi bai tsira ba ina ga ledar da bata kai gashi ba.

Mataki na farko: ki gano ina yadin yake talewa

Ki kama yadin ki ja shi ta tsawo, ki sake ja ta faɗi. Kusan kullum zaki ji gefe ɗaya ya fi talewa, a PUL yawanci ta faɗi ne, wato daga wannan bakin yadin zuwa wancan. Ki ɗauki alli ki zana kibiya a baya tana nuna hanyar talewar, kuma ki zana ta a kan kowane yanki da kika yanka don in an yanka an tara wallahi mancewa ake. Wannan kibiyar ita zata gaya miki komai a gaba. Yaga kullum gitta kibiyar take yi, in ana ja hagu da dama, tsagar sama da ƙasa zata bi, daga saman ramin da ƙasansa zata fara. Saboda haka duk abin da zai jera ramuka a layin da ya gitta kibiyar, abokin gabarki ne.

Mataki na biyu: gwaji a ƙyalle

Kar ki taɓa fara huda a jikin kayan da kika yanka. Ki samu ragowar ƙyalle kamar tafin hannu guda uku ko huɗu, ki yi musu duk abin da zaki yi wa kayan, ki huda ki saka maɓallin ki ɓalle ki mayar kamar sau talatin, ki ja da ƙarfi. Yadi biyu masu kala ɗaya daga shago ɗaya suna iya bambanta, sai an gwada akan san na ƙwarai. Mintuna goma ne kawai.

Mataki na uku: alama, kuma nan ne mutane suka fi yin ganganci

Abu uku zaki kula da su, nisan rami daga bakin yadi, tazara tsakanin rami da rami, sai yadda suka jeru.

Masu aikin ƙarfe suna da ƙa'idarsu ta rivet, wato ƙusar da ake zurawa a rami a haɗa ƙarfe biyu da ita, daga tsakiyar rami zuwa bakin ƙarfe kada ya gaza ninki biyu na faɗin ramin, tsakanin rami da rami kuma kada ya gaza ninki uku. Wannan na ƙarfe ne. Mu namu yadi ne mai laushi, ni ninkawa nake yi. Ramin iska mai faɗin milimita 2 ina barin aƙalla santimita 1 tsakaninsa da ɗan uwansa, kuma ina barin santimita 2 a duk gefen bel ɗin ba rami ko ɗaya, fili fetal. Wannan gefen da ba'a huda ba shi ne katangar, ko yaga ta fara a tsakiya in ta zo nan sai ta tsaya, in kuwa ramin yana daf da baki to ɗan siririn da ya rage tsakaninsu tsinkewa zai yi lokaci ɗaya, daga nan kuma sai dai haƙuri. Maɓalli kuma ina sa tsakiyarsa kamar santimita 1.5 daga layin ɗinki, ba daga bakin da aka yanka ba, ki lura da wannan.

Sai jeri. Kin san littafin rasit, yadda aka jera ƙananan ramuka a layi ɗaya don takardar ta yage a miƙe? To in kika jera ramukan iska a layi ɗaya sama da ƙasa, rasit kika yi. Ki karkata su, layi na biyu ya faɗo a tsakanin ramukan layi na farko, na uku ya koma daidai da na farko, kamar yadda magina ke jera bulo ba'a ɗora gaɓa a kan gaɓa. Yaga in ta fito daga rami ɗaya sai ta tarar da yadi lafiyayye a gabanta ba wani ramin ba. Hanya mafi sauƙi ki samu kwali ki zana ramukan sau ɗaya da rula ki huda shi, ya zama shi ne ma'auninki, duk bel ɗin da zaki yi sai ki ɗora ki ɗiga alli. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai a nan kam ki bar ido ki ɗauki rula.

Kuma don Allah ba ko'ina ake ramin iska ba. Wandon famfas da audugar mata amfanin ledar hana ruwa ne, ramin da ya halatta a jikinsu na maɓalli ne da na allura kawai. Ramin iska na bel ne da abin gwiwa, su da zufa ke taruwa a ƙarƙashinsu, musamman a zafin Maris da Afrilu da mai jego zata ɗaura roba a ciki ana digiri 40.

Mataki na huɗu: ƙarfafa baya tun kafin ki huda

Wannan shi ne wanda ban yi ba a wandunan masu 'yan biyu. Maɓalli baya zama a kan PUL falle ɗaya, ko da ya zauna yau gobe zai fice da naman yadin. Ki yanka ƙaramin ƙyalle, ko na PUL ɗin ko wani yadin polyester wanda baya talewa, ki sa shi a baya a duk layin da maɓallai zasu hau, ya wuce maɓallin da kamar santimita 1.5 ta kowane gefe. In da PUL zaki ƙarfafa, ki juya shi kibiyarsa ta gitta ta babban yadin, ɗaya na talewa hagu da dama ɗaya sama da ƙasa, sai su riƙe juna. Kusurwoyin ƙyallen ki zagaye su da almakashi kar ki barsu da tsini.

Dabarar ita ce wajen da rami yake kada ya tale kwata kwata, talewar ta ƙare kafin ta iso shi. Ki ɗauki famfas na kanti ki duba kunnen nan da ake ja a manna a gaba, zaki ga tsakiyarsa ne ke talewa, amma daidai inda aka liƙa abin mannewar da inda kunnen ya haɗu da jikin famfas ɗin sun fi tauri. Ba a banza kamfanoni suka yi haka ba. Kunnen nan shima falle uku ne, yadi mara saƙa sama da ƙasa da roba a tsakiya, irin matsalarmu ce sak suke fama da ita sai dai su da inji.

Gamste fa, wato yadin nan mai gam da ake mannawa a baya don ƙara tauri? A neoprene da yadin laikira zalla ana iya sa shi da ayan mai ɗan ɗumi a ɗora wani ƙyalle a sama. A PUL ban ba ki shawara ba, zafin da zai narkar da gam ɗin yana iya narkar da ledar ko ya sa ta saki yadin ta yi ƙuraje. Kuma sufa gulu kar ki kusantar da shi, na ga masu ɗiga shi a bakin rami wai ya riƙe, bushewa yake ya yi tauri kamar kwalba, yadin na talewa shi baya talewa, sai ya tsage daidai inda gulun ya ƙare, garin gyaran gira an rasa ido. Gam irin na masu takalmi wanda ke bushewa da laushi shi ne daidai ga neoprene, a shafa siriri a fuska biyu a bari ya sha iska kafin a haɗa.

Mataki na biyar: hudar kanta

Almakashi da reza da abin farke ɗinki, ki ajiye su gefe. Masu naɗe yadi biyu su ɗan datsa da bakin almakashi, ko su yi gicciye da reza su tura maɓalli, su ne ke ƙera tsaga mai tsini, gicciye ma tsini huɗu ne. Yagar an riga an fara ta, jira kawai take a ja.

Hanya uku nake bi, kowacce da wajenta.

Ta farko tsinke mai santsi, irin ƙarfen nan mai tsini da ke zuwa tare da abin matsa maɓallin roba, ko basilla mara kaifi a gefe. Wannan na ramin maɓalli ne a PUL da yadi saƙaƙƙe. Amfaninsa baya yanka zare, ture su yake gefe ya wuce ta tsakaninsu, in kin cire sai zaren su dawo su rungumi ƙafar maɓallin. Ki tura a hankali kina murzawa, kar ki caka da ƙarfi, kuma ramin ya tsaya daidai yadda ƙafar maɓallin zata shiga da ɗan ƙyar.

Ta biyu abin huda na ƙarfe mai baki zagayayye, wanda masu takalmi da bel ke bugawa da guduma, ko mai kama da filaya da ke juyawa. Wannan na neoprene ne da ledar kujera da ramin iska da ramin ailet, wato ɗan zoben ƙarfen da ake sawa a rami igiya ta wuce ta ciki. Sharaɗin ya zama da kaifi sosai, dakusasshe tauna yadi yake ya bar bakin ramin da ƙananan tsagogi da ido baya gani. Ki sa katakon yanka na roba ko guntun fata mai kauri a ƙasa, ba siminti ba, bugu ɗaya mai kyau ba ƙwanƙwasa sau biyar ba. Ki ɗaga ramin ki kalli haske ta cikinsa, in bakin sumul yake madalla, in kin ga gashi gashi ko wani ɗan lungu, ki wasa abin hudar ko ki canza. Kuma yadin ya kwanta a sake lokacin da kike bugawa, in kika tale shi kika huda, yana dawowa ramin zai koma dogo ya gitta kibiyar, wato mafi munin siffa kenan. In ma dogon rami kike so don zare ko igiya ta wuce, ki buga rami zagayayye a farko da ƙarshe sannan ki haɗa su, kuma tsawonsa ya bi kibiyar.

Ta uku huda da zafi, da ƙarfen soda na masu gyaran rediyo mai siririn baki, in ba wuta ki ɗora ƙusa a kan gas ki riƙe ta da filaya. Polyester da nailan narkewa suke, polyester a wajen digiri 250 zuwa 260, to zafin yana narkar da bakin ramin ya zama wani ɗan zobe da ya haɗe zaren da ledar waje ɗaya, zare bazai warware ba. Kamfanonin famfas ma suna da irin wannan, allurai masu zafi a jikin abin nadi. Amma akwai iyaka, in zafin ya yi yawa zoben ƙonewa yake ya yi baƙi ya yi tauri yana karcen fata kuma yana karyewa, ki taɓa ki ɗaga nan take, in kin ga hayaƙi na tashi sosai ki cire soket ya ɗan huce. Neoprene kuma ba'a huda shi da wuta, baya narkewa, ƙonewa yake, kuma akwai sinadarin kulorin a cikinsa hayaƙinsa na cutar da ƙirji, haka ledar PVC ta kujera da ta tamfol. Ko polyester ɗin ma ki yi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ba a ɗaki da yara ba.

Mataki na shida: saka maɓalli ko ailet

Kayan yara da audugar mata maɓallin roba ake sa musu, irin KAM, lamba 20 aka fi amfani da ita wadda faɗin hularta ya ɗan haura milimita 12. Baya tsatsa, kuma bashi da kaifin da zai ci yadi. Ki tabbata ƙafar ta ratsa duka falle biyun, ki matsa sau ɗaya a miƙe. Ki gwada juya maɓallin da yatsa, in yana juyawa sakaka to yadin ya yi siriri, ki ƙara falle ɗaya a baya, don maɓalli mai wasa shi ke faɗaɗa ramin a hankali har ya fice.

Ailet na ƙarfe a bel, ramin ya ɗan fi wuyan ailet ɗin ƙanƙanta, yadin mai talewa ne zai buɗe ya karɓa ya kuma matse shi. Ki sayi mai zuwa da wosha, wato ɗan zoben baya, mara wosha bakinsa tsagewa yake ya zama haƙora, haƙoran nan su ke cin yadin. Kar ki yi ta dukansa da guduma kamar kina jin haushinsa, in ya matsu fiye da kima gefen ƙarfen ya zama wuƙa, zaki ga ya yanke yadin a zagaye ya faɗo da kansa. In bel ɗin na ɗaurewa da igiya ne gara ailet da yawa madaidaita da guda uku manya, nauyin ya rarrabu.

Mataki na bakwai: allura ma huda ce

Wannan mutane basa kawo shi a rai. Duk saukar allura rami ne a jikin ledar, kuma ramin leda baya rufewa kamar na atamfa. Ɗinki ƙanana ƙanana a jere rasit ne shima.

Ki buɗe tsawon ɗinkin ya kai milimita 3 zuwa 4. Allura mai kan ƙwallo ta yadi mai talewa, lamba 11 ko 12 a PUL, 14 ko 16 a neoprene, kuma sabuwa, tsohuwar da bakinta ya lanƙwashe yaga take ba huda ba. Zare polyester, na auduga yana jan ruwa ya fito da shi waje kuma yana ruɓewa. Inda kayan zai tale ki yi zigzag mai faɗi, ramukan sun rarrabu hagu da dama basu jeru a layi ɗaya ba, kuma ɗinkin zai tale tare da yadin, miƙaƙƙen ɗinki a wajen talewa ko zaren ya tsinke ko ya yanka yadin kamar zaren yanka sabulu. Masu Butterfly ta ƙafa wadda bata zigzag, ki ƙara tsawon ɗinkin ki ɗan sassauta zaren sama, kuma ki yi layi biyu da tazarar rabin santimita maimakon ki maimaita a kan layi ɗaya.

Komawa baya don ɗaure ɗinki, sau ɗaya ya isa, ɗinki biyu ko uku. Masu gaba da baya gaba da baya sau biyar a waje ɗaya, ku ɗaga ku kalli haske, wajen ya zama rariya. Gara ki bar zaren da tsawo ki ɗaure da hannu. Farke ɗinki kuma ki guje shi iya yinki, in dole ne to sabon ɗinkin ya shiga ciki kaɗan ya bar tsofaffin ramukan a cikin haɓar ɗinki, wato rarar yadin da ke tsakanin layin ɗinki da bakin da aka yanka. Fil ma haka, ki yi amfani da 'yan kilif ko na shanya ƙanana, in fil ɗin ne kawai gareki ki soke a can bakin da zai shige cikin ɗinki.

Ledar tana manne wa ƙafar keke ta ƙi tafiya, kina ja tana talewa allura na sauka waje ɗaya. Ki sa ƙafar Teflon, fara ce ta roba, ko ki shimfiɗa siririyar takarda a sama ki ɗinka tare ki yage ta daga baya, ko kawai ki juya ɓangaren ledar ya kalli ƙasa. Kar ki ja yadin daga baya, ki bar keken ya ja abinsa.

Wajen yanka ma, duk lungu ki zagaye shi. Inda kunnen wando ya haɗu da jiki, inda fiffiken audugar mata ya fito, in kika yanka shi da kusurwa mai tsini nan zai fara. Ki ɗora murfin kwalba ki zana lanƙwasar. Ɗan datsawar nan da muke yi a haɓar ɗinki don lanƙwasa ta kwanta, a wannan yadin ki rage haɓar gaba ɗaya ta zama siririya maimakon datsawa, in kin datsa kar ya matso kusa da zaren.

In yagar ta riga ta fara

Ki nemi ƙarshen tsagar, can inda ta tsaya, ki buga ƙaramin rami zagayayye daidai a kan tsinin. Zai miki kamar ƙara ɓarna ne amma shi ke tsayar da ita, kin cire tsinin kin bar mata baki zagayayye, masu gyaran ƙarfe haka suke yi da dirila tun da daɗewa. Ki tabbata kin kama ainihin ƙarshen, ki ɗan tale yadin a gaban haske don wani lokacin tsagar ta wuce inda ido ke gani. Sannan ki sa faci a baya mai zagayayyun kusurwa ya wuce tsagar da santimita 2 ta ko'ina, neoprene da gam ɗin takalmi sannan zigzag, PUL da ɗinki mai faɗi. In maɓalli ne ya fice, kar ki mayar da sabo a tsohon ramin haka nan, faci sama da ƙasa tukun. Gaskiya dai PUL da ya yage a tsakiya inda fitsari ke taruwa ba zai koma hana ruwa kamar da ba, wannan ki yanka shi ki yi ƙyallen ƙarfafawa da shi.

Abin da zaki gaya wa kwastoma

Rabin kayan da ke dawowa wanki ne ya kashe su. Bilic yana cinye spandex, ruwan zafi mai tafasa da ayan suna raba leda da yadi, murɗa wando da ƙarfi wajen matsewa yana tale bakin ramuka, barin shi a rana tun safe har la'asar kullum yana busar da robar ta fara tsattsagewa, kuma ajiye shi a jiƙe cikin leda a ɗaure lokacin damina yana ruɓar da polyurethane, zaki ga yana ɓarewa kamar fatar maciji. Ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu kaɗan, a matse a tafin hannu, a shanya a inuwa mai iska ko rana ta ɗan lokaci.

Sai ɓalle maɓalli. Yawancin iyaye kunnen wandon suke kamawa daga can nesa su fizga, duk ƙarfin sai ya sauka a bakin ramin. Ki nuna mata a gabanki kafin ta tafi, babban yatsa a gindin maɓallin na ƙasa, ɗayan hannun ya kama na sama daf da shi, a ɓalle ta gefe. Ni yanzu har 'yar takarda nake rubutawa in saka a cikin ledar kayan, kuma ina cewa ta nuna wa duk mai canza wa yaron, don sau da yawa ba uwar bace ke fizgar, 'yar aiki ce ko yayyen yaron da ake turawa suna sauri su koma wasa.